Na Ari Muryar Umma

Alhamis, 4 ga wata, ƙarfe 6:20 na safe

Umma ta tashi lafiya. Ta sha shayi, ta nemi jakarta da allinta, ta ce za ta makara, yara suna jiran ta. Na ce, "Malama, yau hutu ne, hedimasta ya aiko." Ta ce wannan hedimastan bai san darajar lokaci ba, sannan ta koma ta zauna. Shekara goma sha shida ke nan da ta bar koyarwa, amma tun da mantuwar nan ta kama ta, kullum sai mun yi haka.

Wayata tana cikin durowa a kashe tun jiya da yamma. Ta yi ta zama a can.

Alhamis, ƙarfe 1:40 na rana

Mutum uku ne suka tsokane ni yau a tagar ɗakin kati, inda nake aiki a asibiti. Na ukun ma dattijo ne da furfurarsa. Ya miƙo min katin matarsa, ya ƙura min ido, sai ya washe baki ya ce, "Ke mai waige-waige, dubi allo." Mutanen da ke layi suka kwashe da dariya. Na nemo fayil ɗin, na buga hatimi, na ce ɗaki na huɗu, hannun dama.

Juma'a, 5 ga wata, ƙarfe 5:45 na yamma

Bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, ko kaina zai daina maimaita min.

Shekara uku ke nan ina cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ma'aikatan asibitinmu. Kowace Laraba, huɗu zuwa shida, a tsohon ɗakin taro da ke bayan wurin wanki. Mu goma sha ɗaya ne, ƙaraminmu ya haura arba'in. Ƙawalli ce ta ja ni. Sista ce a ɗakin yara, shekararmu ashirin da biyu tare, ita ta riƙe ni ranar da maigidana ya rasu. Ƙawalli nake ce mata, Ƙawalli take ce min, har mutane suka manta muna da wasu sunaye.

Mai koya mana, wanda muke kira Darakta, ya yi ritaya ne daga ɗakin hoto. Dokarsa ɗaya ce: kowa ya jefa wayarsa a kwando a bakin ƙofa, abin da aka yi a ɗaki ya tsaya a ɗaki. Mai riƙe kwandon kuwa Ƙawalli ce.

Larabar makon jiya ya ce kowa ya tashi ya zama mutumin da ya fi sani a duniya. Da aka zo kaina ban yi wani tunani ba. Na sauke tabarau zuwa kan hanci, na ɗan ranƙwafa, na yi gyaran murya irin na Umma. Na yi yadda take kiran rajista da safe, ni kuma ina amsa wa kujeru. Na yi yadda take yi wa fankar falo faɗa idan tana juya kai hagu da dama, don ta ɗauka yarinya ce mai satar amsa. Aka yi dariya har mai gadi ya zame daga kujera. Ni ma na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Abin da nake ɗauke da shi ni kaɗai shekara huɗu, ga mutum goma sun kama min.

Daga nan na yi ɗaya abin. Wata rana ina yanke mata farce, sai ta ɗago ta dube ni, idonta ya dawo, ta ce, "Auta, ke ce? Kin rame. Wa yake kula da ke?" Ko minti ɗaya ba a yi ba ta sake tafiya. Na yi musu wannan ma. Ɗakin ya yi tsit. Direban motar asibiti ya juya ya fuskanci bango. Da na gama, Ƙawalli ce ta fara tasowa ta rungume ni.

Shekaranjiya da yamma matar Yaya ta turo min bidiyo, ba gaisuwa ba komai. Ni ce a ciki. Daƙiƙa hamsin, wurin fankar kaɗai. An rubuta a ƙasa wai a zo a ga ƙarin dariya ranar Asabar, ashirin ga wata. Daga shafin ƙungiya ya fito, kuma mutum ɗaya ce take riƙe da shafin.

Umma ta koyar shekara talatin da huɗu, rabin garin nan ta hannunta suka bi. Suna can a ƙarƙashin bidiyon suna rubutu. Wani ya ce wallahi Malamarmu ce sak. Wani ya ce ashe haka ta koma. Wata ta ce Allah ya raba mu da 'ya'yan da za su mayar da mu abin dariya.

Asabar, 6 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

Ta zo. Da lemo a leda, Ƙawalli ta shigo yadda ta saba, ta durƙusa ta gaida Umma. Umma ta tambaye ta uwar wane yaro ce. Na ja ta zuwa kicin.

Ta ce, "Ƙawalli, kin kashe waya kamar wadda aka yi wa mutuwa. Kin san mutum nawa suka kalla kuwa?"

Na ce, "Wayarki ba ta cikin kwando ranar?"

"Ƙaramar ce a kwando."

Haka ta faɗa, kamar tana gaya min inda ta ajiye makulli.

Ta ce don ni ta yi. Wai shekara uku ina wasa a gaban kujeru ashirin, rabinsu ba kowa, ya kamata mutane su ga baiwar da Allah ya yi min. Wai ai ba ta sa sunan kowa ba. Na ce ta cire. Ta ce ta cire tun jiya, sai dai ya riga ya shiga hannun mutane.

Na ce, "To ba ni sauran. Wurin farcen. In nuna wa Yaya ya ga ba yadda yake zato ba ne."

Ta sunkuyar da kai tana juya zoben hannunta.

"Ban ɗauka ba. Da aka daina dariya sai na kashe."

Na juya na ci gaba da wanke kofin da na riga na wanke. Ta ɗan tsaya, ta ce za ta dawo idan na huce. Ban raka ta ba.

Lahadi, 7 ga wata, ƙarfe 4:15 na yamma

Yaya ya zo. Ya saba zuwa ƙarshen wata, ya zauna minti ashirin, ya duba agogo, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Yau ko zaman bai yi ba. A tsakar gida ya tsaya, makullin mota a hannu.

Ya ce, "Auta, uwar da ta haife mu."

Na ce, "Yaya, ka zauna in yi maka bayani."

"A ofis aka nuna min. Abokin aikina ne, yana dariya, bai san uwata ba ce. Shekarunki nawa yanzu? Kin kusa hamsin kina manna auduga a haɓa kina tsalle a gaban mutane. Na zuba miki ido, na ce kaɗaici ne. Ashe har ciwon Umma ya zama kayan wasa."

Na ce ba a nan abin ya tsaya ba, akwai sauran. Ya ce ina sauran?

Ya ce Talata zai zo ya ɗauke ta, an gyara mata ɗaki a gidansa.

Akwai maganganu a bakina. Wa ya yi mata wanka shekara huɗu. Wa ya bi ta har bakin titi ranar da ta fita ba takalmi tana neman makaranta. Ban faɗi ko ɗaya ba. Da ya tafi na tarar na cije leɓena har ya yi jini.

Litinin, 8 ga wata, ƙarfe 6:50 na yamma

Na ninke kayan Umma. Akwati ɗaya ne kawai, har da sauran wuri.

Talata, 9 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Ban je aiki ba.

Ta ƙi fita. Ta riƙe ƙofar falo da hannu biyu, Yaya yana cewa, "Umma, ni ne, ɗanki." Ta ce ɗanta yana aji uku, wannan ƙaton daga ina. Ta fara rawar jiki. Na san abin da ke biyo bayan wannan rawar, su ba su sani ba.

Sai na ɗauki wani ambulan a kan tebur, na gyara tsayuwa, na canza murya. Na ce, "Malama, takarda daga ofishin ilimi. An yi miki canjin makaranta, babba ce, har mota aka turo." Ta saki ƙofar. Ta karɓi ambulan ɗin ta juya shi, ta ce ai da ma ta san wata rana za su gane aikinta. Ta gyara mayafi, ta taka da kanta har mota, ta shiga baya ta zauna a miƙe.

Da hannuna na sa ta a motar. Da abin da suke zagi na a kai.

Na ba matar Yaya takarda: lokutan magani, da yadda ake yi kafin ta yarda ta ci abinci. Ta ninke ta huɗu ta jefa a jaka ba ta duba ba. Yaya bai kalle ni ba har suka juya.

Laraba, 10 ga wata, ƙarfe 4:10 na yamma

Yanzu sun jera kujeru. Yanzu Darakta yana tafa hannu sau biyu, kowa yana jijjiga kafaɗa yana yin wannan sautin na leɓe kamar tsohon babur.

Ranar da na fara zuwa, ce min aka yi in zama ɓarauniyar kaza da aka kama a kasuwa. Na tsaya kamar an dasa ni. Ni da ko a taron ma'aikata ba na ɗaga hannu. Sai Ƙawalli ta cusa min mayafinta a ƙarƙashin riga, ta koma bayana tana kukan kaza. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na rantse, na yi kuka, na ce ciki ne wata bakwai, kazar tana ƙara ɗaga murya ina cewa jaririn ne yake da tari. Na dawo gida haƙarƙarina yana ciwo. Rabona da dariya irin wannan tun kafin rasuwar maigidan.

A taga ina cewa "ba komai" sau ɗari a rana. A gida ni ce ɗaliba, ni ce hedimasta, ni ce mai kawo takarda, duk don a sha magani. A ɗakin can ne kaɗai nake wasa don kaina. Na yi mulki, na yi rowa, na yi wa direba tsawa har ya ja da baya da gaske, na mutu sau huɗu na tashi na sha ruwa. A wasan da za a yi ranar ashirin ni ce alƙali, da gemun auduga da matashin kai a ciki. Wata biyu ina koyon tafiyarsa. Na gano sirrin a ƙafa yake: mutumin da bai taɓa jira a layi ba, ba ya ɗaga ƙafa da sauri.

Ƙawalli ce ta ba ni ɗakin nan. Ina ta juya wannan a raina.

Alhamis, 11 ga wata, ƙarfe 2:20 na rana

Darakta ya zo taga. Ya jira har layi ya ƙare, sannan ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, mai shari'a, kotu ta yi kewar ka jiya."

Ban yi dariya ba. Ya cire hula ya riƙe.

Ya ce an yi kuskure. Na ce wa ya yi? Ya ce Ƙawalli ta nuna masa kafin ta saka, shi kuma ya ce mata ta fara tambaya ta. Na ce, "To dokar kwandon fa, Darakta? Da ka ga an ɗauka, me ka ce?" Ya ce a lokacin abin da ya gani kawai shi ne yadda wasan ya yi kyau.

Sannan ya zo kan abin da ya kawo shi. An kama kujerun duka, har an aro na ɗakin jira. Ba a taɓa haka ba. Mutane suna tambaya ko zan yi na fankar. Ya ce, "Minti uku ne. Ki haɗa da ƙarshen, su ga gaskiyar abin da idonsu. Ke ma kin wanke kanki."

Zan rubuta wannan tunda ba mai gani: sai da zuciyata ta motsa. Ɗaki cike. Na ji shirun da za su yi a wurin farcen, na ji shi har a fatar jikina.

Na ce masa Umma ba ta ba ni aron kanta don a sayar da kujeru ba. Na ɗauko ledar da ke ƙarƙashin teburina, rigar alƙali da gemun, na tura masa ta taga. Da ƙyar ta wuce.

Asabar, 13 ga wata, ƙarfe 9:30 na safe

Gidan ya yi girma. Na dafa shayi kofi biyu kafin in tuna.

Ina shara sai na ji kaina ina karanta hukuncin alƙali, da muryarsa, tsintsiya a hannu kamar sanda. Na kai har ƙarshe ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya yi kyau. Ya fi duk wanda na taɓa yi.

Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Har yanzu ina so.

Lahadi, 14 ga wata, ƙarfe 3:00 na rana

Na kunna waya. Saƙonta goma sha huɗu. Na ga farkon na ƙarshen: "Ƙawalli, yanzu a kan wannan ɗan abin…" Ban buɗe ba.

Litinin, 15 ga wata, ƙarfe 6:30 na yamma

Daga aiki na wuce gidan Yaya. Matarsa ta tare ni a falo, ta kawo ruwa a faranti kamar baƙuwa. Ta ce Umma barci take yi.

Ina jin muryarta daga ɗakin ciki. Rajista take kira. Ta kira, ta saurara, ta sake kira. Ba mai amsawa.

Na miƙe, sai matar Yaya ta ce, "Ki yi haƙuri, yayanki ya ce a bar ta ta saba da nan tukuna. Idan ta gan ki za ta rikice." Ba da faɗa ta faɗa ba. Idonta ya faɗa, da gani ita ma ba ta hutawa.

Na tambaya ko tana cin abinci. Ta ce tana taɓawa.

A mota na amsa sunayen a zuciyata, ɗaya bayan ɗaya. Na san su duka, har da wanda kullum ba ya zuwa.

Laraba, 17 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Na wanke labulen falo. Bai yi datti ba.

Asabar, 20 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Yanzu aka buɗe labule. Ba na son in san wa ya sa gemun.

Litinin, 22 ga wata, ƙarfe 1:15 na rana

Mai girkin asibiti ta same ni a bayan ɗakin kati. Ita ma 'yar ƙungiya ce, mace mai kawaici, ba ta kai magana. Ta ce gara in ji daga bakinta da in ji a layi.

Ƙawalli ce ta yi alƙalin. Ta manta magana sau biyu, aka wuce. Da aka gama, mutanen baya suka fara kira a yi na fankar, suna buga kujeru. Darakta ya tsaya a gefe bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai ta cire gemun, ta ari tabarau a hannun wani a layin gaba, ta sauke shi kan hanci, ta ranƙwafa.

Mai girki ta ce, "Ba ta ma iya ba. Amma an tafa." Ita da direba suka fice ta ƙofar baya kafin a gama.

Na ce na gode. Na koma na jera fayil talatin, sai da na gama na ga duk a kantar da ba tasu ba na sa su.

Ƙawalli ta san Umma tun tana da lafiya. Lokacin da ɗanta ya kasa karatu, a falonmu Umma ta zaunar da shi wata shida har bakinsa ya buɗe. Lokacin da mijinta ya kore ta, a gadon Umma ta yi kwana tara. Na farkon zan iya cewa ba ta yi tunani ba. Wannan kuwa bayan ta ga an ɗauke min uwa ne.

Talata, 23 ga wata, ƙarfe 6:40 na yamma

Sha biyun rana Yaya ya kira. Bai yi gaisuwa ba. Ya ce, "Auta, kwana uku ke nan ba ta sa komai a baki ba. Likita ya ce in ba ta ci ba yau, sai a kwantar da ita." Sannan ya ce, "Ki zo."

Na nemi izini na tafi.

Tana kwance ta fuskanci bango. Ta ƙanƙance. Abinci yana kan kujera a rufe, ga kofi da cokali. Na tsaya a bakin ƙofa, na siranta murya.

"Malama, in shigo?"

Ba ta juyo ba. "Wace ce?"

"Ta bencin baya ce."

"Ina kika shiga kwana da kwanaki?"

"Ba ni da lafiya ne, Malama."

"Ƙarya kike. Wuce ki zauna."

Na zauna a ƙasa. Ta yunƙura ta tashi, na yi kamar ban ga wahalar da ta sha ba, don Malama ba ta son a kama ta. Ta fara kiran rajista. Na amsa wa kowa da muryarsa, mai shaƙaƙƙiyar murya, mai in'ina, mai amsawa tun kafin a gama kiran sunansa. Da ta gama na buga cokali a jikin kofi sau uku, na ce an tashi tara, lokacin cin abinci ya yi. Na buɗe kwanon, na fara ci, don ba ta taɓa ci sai ta ga yara suna ci. Duk wannan yana cikin takardar da na bayar.

Ta miƙo hannu ke nan sai ta hango Yaya a bakin ƙofa.

"Wancan ƙaton fa? Yanzu ake zuwa makaranta?"

Yaya ya dube ni. Na dubi kwano. Ya ce, "Umma, ni ne…" Na ga fuskarta ta fara rufewa, hannun ya fara komawa. Shi ma ya gani.

Ya cire takalmi. Ya ce, da wata murya da ban taɓa ji a bakinsa ba, "A yi haƙuri, Malama. Na makara."

"Durƙusa can. Ɗaga hannu."

Mutum mai shekara hamsin da takwas, da gogaggun kayan ofis, ya durƙusa a gefen kabad ya ɗaga hannu biyu. Matarsa tana baranda ta toshe baki da mayafi, ban san ko dariya take ko kuka ba. Umma ta ci cokali goma sha ɗaya tana harararsa. A na bakwai ta ce ya sauke hannu ɗaya.

Da ta yi barci ya raka ni waje yana murza gwiwa. Ya ce, "Kullum haka kike yi?"

Na ce, "Sau uku a rana."

Ya dubi ƙasa. Na ɗauka zai faɗi wani abu. Ya ce, "Gobe ƙarfe nawa za ki zo?"

Juma'a, 26 ga wata, ƙarfe 7:00 na safe

Ba za ta dawo nan ba. Yaya ya ce likita ya hana a sake canza mata wuri. Wataƙila gaskiya ne. Ina zuwa kullum bayan aiki, matarsa tana yin na safe, ta fara iya buga kofin.

An naɗa Yaya monita. Ya ɗauki abin da gaske, jiya har kira na ya yi daga ofis yana tambaya me zai ce idan ta nemi aikin gida. Na ce ya ce akuya ta cinye. Ya ce a'a, ba zai yi wa Malama ƙarya mai rauni haka ba. Na yi dariya, ta farko a wata nan.

Maganar bidiyon bai sake tayar da ita ba, bai kuma janye abin da ya faɗa ba. Ni nake buɗe ƙofar gidan nan da yamma, ba mai tambaya ta dalilin makara.

Laraba, 31 ga wata, ƙarfe 6:55 na yamma

Hanyar fita daga asibiti ta gefen wurin wanki take bi. Mako uku ina zagayawa ta ƙofar gaba. Yau na gaji, na bi ta nan.

Tagar ɗakin a buɗe. Na ji tafin Darakta sau biyu, na ji sautin leɓen. Sun ƙaru, akwai muryoyin da ban sani ba. Ƙafata ta rage sauri da kanta.

Ƙawalli ta hango ni. Ta fito da gudu, kwandon wayoyi a hannunta, ta sha gabana tana haki. Ta rame ita ma. Ta ce, "Ƙawalli, don Allah. Shekara ashirin da biyu fa. Ki zage ni, ki mare ni, amma ki yi min magana. Na san na yi ba daidai ba. Mutane ne suka yi ta kira, na rasa yadda zan yi. Wurinki yana nan, ba wanda ya iya alƙalin."

Na dube ta sosai. Na nemi fushin, na tarar ya gaji shi ma.

Na yi mata murmushin da nake yi wa kowa a taga. Na ce, "Sannu da aiki, Sista. Ya yara? A gaida mutanen gida."

Wata waya ta fara ƙara a cikin kwandon, ba ta ko duba ba. Na ratse ta gefenta na wuce.

Na samu mota a bakin titi. Na sauka a kwanar gidan Yaya. Na tsaya a ƙofar ɗakin Umma na goge fuska, na jira numfashina ya daidaita, sannan na nemi izinin shiga.